Ta Kazaure

Talata, 2 ga Agusta, bayan la'asar

Mun dawo daga Kano. An yi wa matata Barira ƙarin ruwan magani karo na uku, saura uku. Ta yi amai kafin mu kai Ɗambatta, daga nan ta jingina da tagar mota ta yi barci har Kazaure.

Sunan ciwon sau ɗaya zan rubuta shi, don kada wata rana in karanta in ce ban san abin da nake gudu ba: sankarar mama. An yi mata aiki bayan ƙaramar salla, gefen hagu. Daga yau "ciwon" kawai zan riƙa cewa.

Likita ya tsayar da ni bayan ta fita. Ya ce maganin nan bai san na gida ba, yana kashe ciwon, yana kuma rage sojojin jini, waɗanda ke tare wa mutum cuta. Nata sun fara yin ƙasa. Ya ce in kiyaye ta daga mai mura da mai tari, da cunkoson jama'a, da abin da ba a dafa ba. Na roƙe shi ya maimaita, ya maimaita. Ni malamin gona ne, na san abin da ake yi wa dashe mai rauni. Shinge ake yi masa.

Alhamis, 4 ga Agusta, da hantsi

Na kai yara Roni wurin yayata. Makaranta tana hutu, kuma ɗanmu Sabiru hancinsa ba ya bushewa da damina. Barira ba ta musa ba. Da za su fita sai ta ɗaga murya daga ɗaki, "Sadiyya, zo in ga kitson nan." Ta daɗe tana shafa kan yarinyar.

Sadiyya ce 'yar farinmu, amma Barira ba ta taɓa yi mata kara ba. Tun ranar suna take kiran sunanta gatsal, har a gaban manya, tsofaffi suna ta salati. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Malam, na san ɗanɗanon abin." Ita ma 'yar fari ce.

Ta sha koko, ba ta ci ƙosai ba.

Asabar, 6 ga Agusta, bayan azahar

Matan unguwa sun zo dubiya, Ma'u maƙwabciyarmu ce a gaba, kowacce da kwano a hannu. Na tare su a zaure. Na yi musu bayanin sojojin jini yadda likita ya yi mini, a hankali, har da misali.

Ma'u ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Malam Lauwali, mu ne 'yan tawayen ke nan?"

Suka yi dariya. Na ce ba haka nake nufi ba.

"Ko leƙawa ba za mu yi ba? Mu ce mata sannu daga bakin ƙofa?"

Na ce idan na bar ɗaya, ba ni da bakin hana goma. Wata a bayansu ta yi tari a daidai lokacin, sai na ji na samu hujja. Suka ajiye kwanukan a gabana suka juya. Ina jin Ma'u tana cewa, "An samu sabon mai gadi a unguwa, saura usur da tocila."

Barira ta ji muryarsu. Ta ce, "Su Ma'u ne?" Na ce eh, suna gaishe ki. Ta ce tana amsawa.

Ina ganin daidai na yi.

Lahadi, 7 ga Agusta, bayan magariba

Ina ganin daidai na yi.

Laraba, 10 ga Agusta, da safe

Zaure ya cika da kwanuka. Faten wake, kunun gyaɗa, dambun zogale, farfesun kaza daga gidan liman. Duk wanda ya shigo sai na sake tafasa shi kafin in kai mata, kuma na lura tafasa ta biyu tana kashe daɗin abinci. Tana ɗan taɓawa ta ture. Sauran ni ke ci, ko in ba wa masu aikin gona.

Kwanukan na wanke su na jera. Ban mayar ba, don ban san na wace ce wanne ba. Barira da kallo ɗaya za ta gane, amma ba na son in ɗora mata aiki.

Sauran gashin kanta da ya rage ya zube jiya. Da kanta ta share shi daga kan matashi ta ƙulle a tsumma. Ta ce in ɗauke madubin da ke jikin bango, wai yana haska mata ido. Na ɗauke. Ba rana a ɗakin a lokacin.

Juma'a, 12 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Maikasuwa direban Babura ya tsaya a ƙofar gida ya miƙo mini ƙwarya a ɗaure da faifai, da wata 'yar kwalba. Kindirmo ne da man shanu. Ya ce daga Inno, a ba ta Kazaure. Na ce ta faɗi wani abu? Ya ce iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ta Kazaure. Haka Inno ke kiran Barira tun da na aure ta. Kafin nan, an ce "waccan" take cewa. Inno ita ta haife ta, a rugarsu da ke bayan Kanya Babba, amma tana yaye ta aka miƙa ta ga Goggo, ƙanwar mahaifinta, kamar yadda suke yi wa 'yar fari. Inno ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta zama da ita a tabarma ɗaya, ba ta kallonta ido da ido. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Kunya ce, kuma a wurinsu ita ce mutunci. Ranar aikin ma Shatu ta turo, ƙanwar Barira. Goggo ce uwar da ke rungumewa, ke faɗa, ke kuka. Goggo ta rasu bara da kaka.

Kindirmon ba dafaffe ba ne, ko kuma ban tabbata ba. Na ba maƙwabta. Man shanun na sa a bayan buhun masara. Ban gaya mata ba, don idan ta ji za ta ce sai ta sha, ni kuma ba zan iya hana ta a fuskarta ba.

Litinin, 15 ga Agusta, da yamma

An wuni ana ruwa. Daga ofis na dawo na tarar da ita yadda na bar ta, fuska ga bango, rediyo a kashe. Na ba ta labarin tsutsar da ta faɗa wa masarar mutanen Gwiwa, da yadda wani dattijo ya rantse mini cewa maganinmu ƙiba yake sa ta. Da can da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Allah Ya kyauta."

Gidan nan bai taɓa yin shiru haka ba. Barira mai kitso ce, tsakar gidanmu kullum da mace a zaune a ƙasa, wata tana jiran layi, ana gulma ana dariya. Sau nawa na yi mita a kan haka. Yau ina jin ɗigar ruwa daga indararo ɗaya bayan ɗaya.

Kwano bai shigo ba yau. Jiya ma guda ne.

Ta sha ruwan shayi.

Alhamis, 18 ga Agusta, bayan isha'i

A ƙofar masallaci wani ya ja ni gefe, ya tambaye ni cikin ladabi ko gaskiya ne ciwon iyalina ana ɗauka. Ya ce matarsa ce ta ji a gidan suna, wai shi ya sa na kwashe yara na kulle gida.

Na yi masa bayani. Na ce ba ita ke sa wa mutane ba, mutane ne za su iya sa mata. Ya ce, "To, to, Allah Ya ba ta lafiya," amma da muka yi musabaha na ga ya goge hannunsa a riga. Wataƙila gumi ne. Wataƙila ni ne na fara ganin abin da babu.

Ba ta barci sosai. Ta ce gaɓoɓinta duka suna yi mata zugi, kamar an yi mata duka. Na taɓa goshinta, ba zazzaɓi.

Asabar, 20 ga Agusta, da rana

Cokali kaɗan na fate. Na ce ta ƙara, ta ce, "Don wa?"

Talata, 23 ga Agusta, bayan magariba

Kano. Ba a yi mata ƙarin ruwan ba.

Likita ya duba takardar gwaji ya ce sojojin ba su farfaɗo yadda ya so ba, ta kuma rame fiye da kima. Akwai wani gwajin da ke nuna kumburi a cikin jiki, irin wanda ba a gani da ido, shi kuma ya hau. Sun duba ko wata cuta ce ta shige ta, ba su samu ba. Ya ce mu dawo bayan mako biyu, ta ci abinci, ta huta. Ya ce jinkiri ɗaya ba komai, amma kada ya zama biyu.

Na ce masa duk abin da ya ce na yi. Ba mai tari, ba cunkoso, ba ɗanyen abu. Ban bar ko mutum ɗaya ya shiga wurinta ba.

Sista Rahamatu, wadda ke sa musu ruwan, tana gefe tana haɗa kaya. Ta ɗago ta ce, "Ko mutum ɗaya?"

Na ce ko ɗaya.

Bayan mun fito ta biyo ni baranda, Barira tana can kan benci. Ta ce, "Malam, mai mura aka ce, ba mai rai ba. Wa ke zama da ita idan ka tafi aiki?"

Na ce ba kowa.

Ta ce ta daɗe a ɗakin nan, kuma masu bincike ma sun rubuta abin da idonta ya gani: matan da ke da masu zama da su, masu saurarensu, sau da yawa kumburin nan bai cika hawa musu kamar na waɗanda aka bari su kaɗai ba. Ta ce ba wai hira tana warkar da ciwon ba ne, kada in je in ce ta faɗa. Amma jikin da ke cikin damuwa kamar gari ne da aka ce ɓarayi na zuwa, kowa ya kwana da sanda a hannu, ba mai barci, ba mai girki, har garin ya gaji da kansa. "A wanke hannu, a sa takunkumi, mai tari ya tsaya a gida. Sauran ka buɗe musu ƙofa. Tana da uwa?"

Na ce tana da ita. Na so in ƙara bayani, sai na ga ba zai shiga baranda ba.

A mota, mun wuce Ɗambatta, Barira ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Malam, ba zan koma ba. Ka bar ni haka. Na gaji."

Laraba, 24 ga Agusta, da safe

Na sake tambayarta. Amsar ba ta canza ba.

Alhamis, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Na zuba kwanukan nan duka a buhu na kai ƙofar gidan su Ma'u, na yi sallama da mijinta, na roƙi a kira ta. Ta fito ta ga buhun ta ce, "Mai gadi ya yi ritaya ne, ko gwanjo aka fara?"

Na ce na zo ba da haƙuri ne, kuma ina roƙon ta shiga wurin Barira.

Ta zazzage buhun tana warewa, wannan na gidan liman, wannan na Barira ne ma da kanta, ka haɗo da shi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ka san abin da ya fi ba mu haushi? Ba korar ba. Kwano ya shiga gida bai dawo ba, ko da wofi, ko da 'an gode.' Sai muka ce to, ba a son mu ne."

Ta zo da yamma da sabulunta a hannu, wai kada in ce nata hannun bai wanku ba. Ta sa takunkumin tana mita cewa ya hana ta gulma da kyau. Ta daɗe a ciki. Na ji muryarta tana ta zuba, ban ji ta Barira ba sai jefi-jefi.

Da ta fito ta same ni a zaure. Wasan ya bar fuskarta. Ta ce, "Za mu riƙa zuwa, bibbiyu, ni zan tsara. Maganar ana ɗauka kuma ka bar ni da matan unguwa. Amma Malam, duk sanda labule ya motsa sai ta ɗaga kai, in ta ga ni ce sai ta mayar. Ba mu take jira ba."

Asabar, 27 ga Agusta, da hantsi

Na ɗauko kwalbar man shanun na kai mata, na gaya mata ranar da ya zo, da abin da na yi da kindirmon. Na shirya wa faɗa. Ba ta yi ba. Ta buɗe murfin ta kai hanci, ta rufe ido, ta daɗe a haka.

"Ta ce wani abu?"

"Ta ce a ba ta Kazaure."

Ta yi wani ɗan murmushi. Ta ce tana ƙarama, idan Goggo ta kai ta ruga, Inno ba ta ce mata ko sannu, amma kullum da safe sai ta tarar da ƙwaryar nono a inda take kwana, an ɗora curin man shanu a kai, wanda ya fi na kowa girma. Ta ce shekara arba'in tana cin man shanun nan, ta san me yake nufi. "Amma Malam, mutum yakan so ya ji da kunnensa. Ko sau ɗaya, kafin..."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ba zan ƙarasa mata a nan ba.

Ta sa kwalbar a ƙarƙashin matashi. Gobe zan ɗauko yara.

Litinin, 29 ga Agusta, bayan magariba

Na ɗauki izini a ofis na hau babur zuwa ruga. Bayan Kanya Babba hanyar ta zama taɓo, wani wurin tura babur ɗin na yi. Duk tsawon hanya ina haɗa maganar da zan faɗa ina rushewa. Shekara goma sha shida ina surukin Inno, ban taɓa yi mata magana da ta wuce gaisuwa ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba.

Na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa a gefen bukkarta. Ita tana ciki, bayan asabari. Shatu ta zauna a tsakani, duk da cewa Inno na jin Hausa sarai, kuma muryata na isa gare ta.

Bayan gaisuwa, da tambayar shanu, da tambayar ruwa, Inno ta ce wa Shatu, "Tambaye shi mutanen gidansa."

Na ce yara lafiya. Na ce mai jikin kuma, da sauƙi. Sai na ji kunyar ƙaryar ta fi kunyar surukuta. Na ce, "Shatu, ki gaya wa Inno ba sauƙi. Ba ta cin abinci. Ta ce ta bar magani, kuma likita ya ce idan ta bari, ciwon zai dawo. Na yi iyakar dabarata, dabarar tawa ce ma ta ƙara ɓata abin. Mata suna zuwa, yara sun dawo, amma ƙofa take kallo."

Shatu ba ta maimaita ba, kuka take yi.

Ina jin maraƙi yana tsotso a bayan bukka. Sannan Inno ta ce, "Shatu za ta bi shi."

Na ce, kaina a ƙasa, "Shatu ta je lokacin aiki, Allah Ya saka mata. Ba Shatu take jira ba."

Ban san daga ina wannan ya fito mini ba. Wani dattijo da ke gyaran igiya a kusa ya ɗago ya dube ni kamar na yi ashar. Inno ta yi magana da Fillanci, gajeriya. A hanyar rakiya na tambayi Shatu me ta ce. Ta ce, cewa ta yi, "Goggonta ta tafi ta bar ni da abin da ban iya ba."

Ba ta ce za ta zo ba. Ba ta ce ba za ta zo ba. Wataƙila na ɓata abin da ya rage.

Laraba, 31 ga Agusta, da yamma

Ruwa tun safe. Ba wanda ya zo daga Babura. Ban gaya wa Barira inda na je ba, amma ta ga taɓon da ke jikin babur.

Sadiyya ta kwanta a gefenta tana karanta mata littafin makaranta. Ta ci rabin dankali.

Alhamis, 1 ga Satumba, bayan azahar

Ba kowa.

Juma'a, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Na dawo daga masallaci na tarar da takalman roba a bakin zaure, irin na matan ruga, da taɓo a jiki.

Inno tana zaune a tsakar gida a kan 'yar kujera, a bakin ƙofar ɗakin Barira, ta ba ƙofar baya. Ma'u na gefe. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon Ma'u, ta ce ta kawo man shanu kasuwa ne, ta ga hadari, ta ce bari ta fake.

Sama tas take, ko gajimare babu. Ba kuma ƙwaryar talla a tare da ita, sai ƙullin kayan sawa da 'yar gora.

Ma'u ta ce, "Gaskiya ne Inno, hadarin Kazaure ba a gane masa. Yakan yi mako bai sauka ba." Ta miƙa mata sabulu da buta. Inno ta dubi sabulun, ta dubi takunkumin da Sadiyya ta kawo mata, ta ce ko saniya ba ta taɓa ɗaure wa baki ba. Sadiyya ta ce, "Inno, ko ni ina sawa." Ta bari jikar ta ɗaura mata.

Ba ta shiga ɗakin ba. Daga inda take ta ce wa Sadiyya, "Tambayi mutanen ciki me suka ci yau." Daga ciki, da wata murya da na daɗe ban ji ba, Barira ta ce, "Sadiyya, ki ce ba su ci komai ba."

"Ki ce musu wannan sakarci ne."

Inno ta sa aka hura wuta. Ta kawo madarar safe a gora, ta tafasa ta a gabana har ta yi kumfa, tana yi tana gaya wa tukunyar cewa ta ji an ce a gidan nan har ruwan ido sai an dafa. Ta dama gero a ciki. Barira ta shanye, ta miƙo kofin ta bayan labule.

Asabar, 3 ga Satumba, da hantsi

Na dawo ɗaukar hular da na manta, sai na ga kujerar bakin ƙofa ba kowa. Labulen ya ɗan yaye.

Barira tana zaune a ƙasa, yadda matan da take yi wa kitso ke zama, ba ɗankwali. Inno tana kan gado a bayanta, kan Barira a tsakanin gwiwoyinta. Ta lakato man shanu daga kwalbar nan tana shafa mata a fatar kai, a hankali, tana bi da yatsa layi-layi daga goshi zuwa ƙeya, kamar mai tsaga gashi. Ba mai magana. Ba mai kallon wani, don a zaman kitso ba a haɗa ido. Ina jin shi ya sa ta zaɓe shi.

Kafaɗun Barira suna rawa. Inno ba ta tsaya ba.

Na koma da baya. Na tafi gona ba hula.

Litinin, 5 ga Satumba, bayan magariba

Tana ci. Ba da yawa ba, amma tana ci, kuma jiya ta yi barcin rana har da minshari, Sabiru yana kwaikwayonta. Da yamma matan unguwa biyu suka zo, na ji ana gardama a kan wa ya fi iya kitson shuku a Kazaure yanzu da gwanar ta kwanta. Barira ta ce ba kowa.

Gobe ne ranar komawa. Ban tayar da maganar ba, tsoro nake ji. Ina alwala sai na ji Inno tana gaya wa Sadiyya, da ƙarfin da zai iso inda nake, "Ki ce wa mai gidan nan ya kama kujera uku a motar safe. Ban taɓa ganin Kano ba."

Na jira in ji abin da za a ce daga cikin ɗaki. Sai Barira ta ce, "Sadiyya, ki ciro mini shuɗin mayafina."

Talata, 6 ga Satumba, bayan isha'i

An yi mata.

Likita ya ce sojojin sun hau, ba su kai yadda yake so ba amma sun isa. Kumburin ya ɗan sauka. Na tambaye shi ko zuwan mutane ne ya jawo. Ya ce mako biyu na hutu ma yana yin aikinsa, abinci yana yin nasa, ba zai iya raba mini su ba. Ni ma ban iya ba. A gona ma idan shuka ta tashi, ba ka sanin rabon taki da rabon ruwa. Saura biyu, sannan abin da Allah Ya nufa.

A ƙofar ɗakin ƙarin ruwa Sista Rahamatu ta tare mu. Ta ce mutum ɗaya ke shiga da mai jinya, doka ce. Na matsa gaba kamar kullum, sai na ga Inno ta riga ni, tana riƙe da jakar Barira a ƙirji.

Sista ba ta san ta ba. Ta ce, "Baba, 'yan rakiya a benci suke jira. Ke wace ce a wurinta?"

Na buɗe baki in amsa mata, don na san tambayar da ba a yi wa Inno ke nan. Barira ta sunkuyar da kai. Baranda cike da mutane.

Inno ta ja takunkumin ƙasa. Ba ta dubi Sista ba, ba ta dubi kowa ba, bango ta kalla.

Ta ce, "Ni na haife ta."

Sista ta ce mata to bismilla, amma a mayar da takunkumin. Ita ba ta san abin da ya faru a gabanta ba. Barira ta kama gefen mayafin Inno kamar yarinyar da za a tsallaka titi da ita, suka shiga.

Na zauna a benci. Ban san na cire takalmana kamar yadda nake yi a gaban Inno ba, na daɗe ina riƙe da su a hannu, sai da wani ya tambaye ni ko na sayarwa ne.